Kujera Ɗaya, Inuwa Goma Sha Biyu: Kundin Aikin Zane

Litinin, 6 ga Janairu, 2025

Yau na soma aikin da na shafe kusan shekara ina ɗaga shi, wato jerin zane goma sha biyu da fentin ruwa, dukkansu a kan abu guda: wata tsohuwar kujerar katako da na ajiye a kan daɓen siminti a filin da ke bayan ɗakin aikina. Kowane zane zai nuna kujerar da inuwarta a sa'a daban, daga ƙarfe 7 na safe zuwa ƙarfe 6 na yamma, a kan takarda mai girman A3, wato milimita 297 a faɗi da 420 a tsawo. Kujerar ba ta da wani kyau na a-zo-a-gani, kuma dalilin zaɓenta ke nan, domin inuwar nake so ido ya bi.

Tun lokacin da na fara nazarin ayyukan Claude Monet, mai zanen nan na Faransa, abin da ya yi da tarin hatsin da ke gona kusa da gidansa tsakanin 1890 da 1891 ya tsaya mini a rai. Ya zana su fiye da sau ashirin, abin zanawa yana nan yadda yake, haske ne kaɗai yake sauyawa, daga baya kuma ya yi haka da babbar majami'ar birnin Rouen fiye da sau talatin. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne jerin ya yi masa rana a kasuwa ma, domin zane goma sha biyar na hatsin da aka baje kolinsu a birnin Paris a watan Mayun 1891 ba su daɗe ba masu saye suka kwashe yawancinsu. Ni ma ba zan ɓoye ba, ina son aikin ya gamsar da ni, ina kuma son ya mayar da kuɗin takarda da na hayar ɗaki.

Sharaɗi guda na gindaya wa kaina. A littafin da nake gwajin zane, a nan zan riƙa rubuta kowace sa'a da na yi a kan aikin da duk abin da na kashe, domin shekara uku ke nan ina sayar da zane, amma da za a tambaye ni sa'a nawa zane ɗaya yake ci, sai dai in yi kame-kame.

Laraba, 15 ga Janairu

Kwana tara ban taɓa fenti ba, fensir kaɗai nake amfani da shi. Matsalar farko da na ci karo da ita ita ce inuwa ba ta jiran mai zane. Rana tana tafiyar digiri 15 a kowace sa'a, saboda haka kafin in cika minti ashirin ina duba kujerar, inuwar ƙafafunta ta riga ta gusa, musamman da sassafe da kuma yamma lis, lokacin da take da tsawo. Dabarar da na samu ita ce in zagaye inuwar da alli a kan simintin daidai lokacin da sa'ar ta cika, sannan in yi ƙaramin zane wanda bai wuce tafin hannu ba, mai mataki uku kawai: fari, toka-toka da baƙi.

Na gwada dogaro da hoton waya, amma na fasa. Kyamara tana cushe duhun wuri guda ta mayar da inuwar baƙa ƙirin, alhali ido yana ganin launuka a cikinta. Hoton zai taimaka wajen tuna siffa, launi kuwa sai na tsaya a wurin da kaina.

Laraba, 29 ga Janairu

Zane na farko ya lalace sau biyu, kuma laifina ne. Na so in rage kashe kuɗi sai na yi amfani da ragowar wata takarda mai nauyin giram 190 a murabba'in mita, wadda aka yi da itacen da aka niƙa. Da na shimfiɗa mata ruwa sai ta yi tudu da kwari, fentin ya taru a kwarin ya bushe da baki-baki. Da ma an ce araha ba ta ado. Na koma takardar auduga zalla mai nauyin giram 300, na jiƙa ta na 'yan mintuna, na miƙe ta a kan allon katako na manne gefunanta da takarda mai gam, ta kwana ta bushe a miƙe kamar fatar ganga. Auduga tana riƙe danshi na ɗan lokaci mai tsawo, wannan kuwa shi ke ba mai zane damar gyara gefen inuwa kafin ya ƙafe.

Launuka huɗu na tsayar wa dukan jerin, domin zanen su zama 'yan gida ɗaya idan aka jera su a bango. Akwai shuɗin altramarin, wanda lambarsa a jikin bututu PB29 ce. Akwai jan ƙasa ƙonanne, PBr7. Akwai rawayar ƙasa, PY43. Sai kuma wani ja mai duhu da ake kira alizarin, PR83. Ina ba duk mai son wannan sana'a shawarar ya koyi karanta waɗannan lambobi, saboda sunan da kamfani yake rubutawa da manyan haruffa yana iya zama na talla kawai, lambar ce take faɗin ainihin garin launin da ke ciki. Shi fentin ruwa ba wani abu ba ne illa wannan garin launi da aka kwaɓa da ƙaro, ƙaron ne yake manne shi a takarda bayan ruwan ya tafi.

Altramarin ya fi sauran burge ni, kuma tarihinsa yana da daɗin ji. Ƙarnuka da dama daga wani dutse mai daraja ake niƙo shi, wanda ake haƙowa a yankin Badakshan na ƙasar Afganistan, tsadarsa ta sa masu zanen Turai ba sa shafa shi sai a wuri mafi muhimmanci a zanensu. Sai a 1828 aka ba wani Bafaranshe mai suna Jean-Baptiste Guimet kyautar da aka sa wa duk wanda ya iya haɗa shi a masana'anta, daga nan ya zama launin kowa. Abin da ya sa nake buƙatarsa a wannan aiki shi ne ƙwayoyinsa suna da ɗan nauyi, suna kwanciya a ƙananan ramukan takarda su bar wani yashi-yashi da ya yi kama da fuskar siminti. Idan aka gauraya shi da jan ƙasa ƙonanne kuwa, ana samun toka-toka mai rai wanda baƙin fenti ba ya bayarwa.

Alizarin ne ban amince da shi ba sosai, domin an san shi da kodewa idan aka tsinka shi da ruwa. Na shafa dukan launukan huɗu layi-layi a kan gutsuren takarda, na rufe rabin kowane layi da kwali mai kauri, na manna a jikin tagar da rana ta fi bugawa. Zan buɗe nan da mako goma.

Litinin, 10 ga Fabrairu

An kammala zane uku: na ƙarfe 7, na 8 da na 9. Makon da ya wuce kuwa ban iya yin komai ba, na zauna a gaban takarda kwana huɗu hannuna ya ƙi. Na lura cewa duk ranar da na fara da buɗe waya don duba saƙonnin masu saye, aikin wannan ranar ya tafi ke nan, don haka daga gobe wayar za ta zauna a wani ɗaki har sai an yi azahar ɗin aiki, wato bayan sa'a huɗu na farko.

Wani mutum ya nemi in zana masa gidan da ya tashi a ciki daga wani tsohon hoto. Na karɓa, saboda kuɗin takardar auduga ya taɓa uwar kuɗin.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Aikin gidan ya cinye mini kwana goma sha shida, kujerar kuwa ko kallonta ban yi ba. Mun yi magana ta baki kawai, ban karɓi kafin alƙalami ba, ban kuma faɗi sau nawa za a iya neman gyara ba. Da na aika masa hoton zanen sai ya ce a ƙara bishiya, na ƙara. Sai ya ce launin ƙofar ba haka yake tunawa da shi ba. Daga ƙarshe ya nemi a mayar da sararin sama na yamma, abin da ba ya yiwuwa a fentin ruwa sai an sake zanen tun daga farko, domin wannan fenti ba ya rufe abin da ke ƙarƙashinsa. Na sake. Ya biya abin da muka yi ciniki da farko, kuma ban ga laifinsa ba ƙwarai, tunda ni ne ban shata iyaka ba.

Daren jiya na zauna na rubuta takardar sharuɗɗa mai shafi ɗaya da zan riƙa ba duk mai son a yi masa aiki. Rabin kuɗi kafin in ɗauki burushi, kuma ba a mayarwa idan an riga an fara. Mai aikin zai ga zanen fensir ya amince da shi a rubuce, a wannan mataki ne yake da damar neman gyara har sau biyu, bayan an sa fenti kuwa duk wani canji sabon ciniki ne. Na daɗe ina jin nauyin yin haka, ina ganin kamar zai kori mutane, amma na gane cewa wanda takarda mai shafi ɗaya za ta kora, da ma wahala zai kawo.

Laraba, 12 ga Maris

Na dawo kan kujerar, sai na tarar da abin da ban yi lissafinsa ba. Inuwar ƙarfe 9 ta yau ba ta faɗa a kan layin allin da na zana a watan Janairu ba, ta karkata, tsawonta ma ya sauya. Hanyar da rana take bi a sama tana gusawa kullum, kuma a kwanakin nan da ake tunkarar 20 ga Maris, lokacin da dare da rana suke daidaita, gusawar ta fi sauri. Ma'ana, jerin da na ɗauka labarin yini ɗaya ne ya zama labarin watanni. Na yi kwana biyu ina tunanin ko in dogara da layukan allin Janairu in ƙarasa sauran daga ƙwaƙwalwa, daga baya na ga cewa yin haka ƙarya ce da ido zai gane ko da baki bai iya faɗin inda take ba. Zan zana abin da ke gabana, in rubuta kwanan wata da sa'a a bayan kowane zane.

A zanen ƙarfe 12 ne na sami abin da nake nema tun farko. Inuwar ta taƙure a ƙarƙashin kujerar, ƙarama ce, kuma na yi zaton ita ce za ta fi sauƙi. Na haɗa toka-toka na shafa, ya fito kamar tabon mai. Da na ƙura wa ainihin inuwar ido ta cikin ƙaramin rami da na huda a farin kwali, sai na ga shuɗi ne a tsakiyarta, saboda wurin da rana ba ta kai ba hasken sararin sama ne yake haska shi, gefenta kuma akwai ɗumin launin katako da ke dawowa daga ƙasan kujerar. Sai na bar simintin da ke kewaye da rawaya mai tsinkin gaske, nan take shuɗin ya ƙara fitowa ba tare da na ƙara masa fenti ba.

Wannan ba sabon ilimi ba ne. Michel-Eugène Chevreul, masanin sinadarai da ya shugabanci sashen rini a masaƙar Gobelins ta birnin Paris, ya sha samun ƙorafi cewa baƙin zarensa ba shi da ƙarfi. Da ya bincika sai ya gano rinin lafiyarsa ƙalau, launukan da ake saƙawa kusa da shi ne suke sauya yadda ido yake ganinsa, ya kuma wallafa bayanin a 1839. Na san labarin tun da daɗewa, amma gani ya kori ji.

Talata, 25 ga Maris

Zane shida sun kammala, rabin aiki ke nan, don haka na zauna da littafin na tattara lissafi. Abin da na gani bai yi mini daɗi ba. Cikin kowace sa'a goma da na rubuta, huɗu ne kawai burushi ko fensir yake hannuna. Sauran shida sun tafi wajen miƙe takarda, wanke kaya, ɗaukar hoto, amsa saƙonni, zuwa sayen kayan aiki da rubuta rasit. A da idan zan sa wa zane kuɗi, sa'o'in fentin kaɗai nake tunawa, ashe fiye da rabin wahalata kyauta nake bayarwa.

Yanzu ga yadda zan yi. Zan haɗa dukan sa'o'in, har da na zanen da suka lalace aka yar, in ninka da ladan da na ga ya dace da sa'a guda ta aikin hannu, in ƙara kuɗin takarda da fenti da firam, in ƙara wani kaso na haya da wuta, sannan in raba a kan goma sha biyu. Duk zanen kuɗinsu ɗaya ne, ko da na fi son wani, tunda girmansu ɗaya.

Akwai wani ɗakin baje kolin zane da ya nuna sha'awar jerin, la'adarsu kuwa rabin kuɗin sayarwa ce, kamar yadda aka saba a wannan harka. Da farko abin ya yi mini yawa, amma su ne za su biya bango da haske da ma'aikata, su ne kuma suka san masu sayen da ni ban sani ba. Abin da ya wajaba a kaina shi ne kada in sayar da zane a ɗakina da rahusa fiye da yadda suke sayarwa, domin mai saye ɗaya ya gano haka, amana ta ƙare tsakanina da su. Ban ba su amsa ba tukuna.

Laraba, 9 ga Afrilu

Na cire kwalin daga gutsuren takardar da ke taga. Altramarin da launukan ƙasa guda biyu ba su motsa ba, ba a ma iya gane inda aka rufe. Alizarin kuwa, a inda na tsinka shi da ruwa, rabin da rana ta buga ya kode har ana ganin layin rabuwar daga nesa. Gaskiya ne ba wanda zai rataye zane a jikin gilashin taga yana fuskantar rana, amma abin da mako goma suka yi a nan, shekaru za su yi shi a bangon ɗaki.

Zanen ƙarfe 7 da na ƙarfe 8 duk da alizarin na yi jan hasken safiyarsu. Ba zan sayar wa mutum abin da na san zai dusashe a hannunsa ba, saboda haka zan sake su da jan kwinakiridon, PV19, wanda yake da ƙarko a gaban haske. An koma zane biyar a maimakon bakwai. Kuskuren da na yi shi ne fara aiki da launin kafin sakamakon gwajin ya fito, alhali alamar ƙarkon tana rubuce a jikin bututu: a ma'aunin ASTM, wato ƙungiyar da ke tsara ma'aunan ingancin kaya, lamba I ce mafi ƙarko, II na biye da ita, abin da ya wuce nan kuwa bai kamata ya shiga zanen sayarwa ba.

Laraba, 23 ga Afrilu

Na sake zanen safiyar guda biyu, kuma sun fi na farko, watakila saboda hannuna ya riga ya san kujerar. Makon nan na karkata ga batun kwafi, domin ba kowa ne zai iya sayen ainihin zane ba, kuma zane idan ya tafi ya tafi ke nan, kwafi ne yake ci gaba da kawo ɗan abin da ake juyawa.

Don a buga hoto ya fito sarai ana buƙatar ɗigo 300 a kowane inci, wanda a girman A3 ya kama ɗigo 3508 a faɗi da 4961 a tsawo. Na'urar sikana da nake da ita girman A4 kawai take ɗauka, wato rabin A3, sai na riƙa ɗaukar kowane zane kashi-kashi ina haɗewa a kwamfuta. Wahalar tana wajen launi. Allon kwamfuta da haske yake haɗa launi, daga ja da kore da shuɗi, injin bugawa kuwa da tawada yake yi, kuma akwai launukan da haske yake iya nunawa waɗanda tawada ba ta kai musu. Gwajin farko da mai bugawa ya kawo mini, shuɗin inuwar ya juye ya koma ruwan makuba. Sai da muka yi gwaji huɗu, ina ajiye kowanne kusa da ainihin zanen a hasken rana, kafin na amince. Na kuma nace a yi amfani da tawada mai garin launi a kan takardar auduga, domin tawada mai rini tana saurin kodewa, kuma ban sake zane biyu saboda alizarin ba don in dawo in sayar da kwafin da zai yi irin halinsa.

Kwafi talatin za a buga na kowane zane, a girman A4, in sa hannu da fensir in rubuta lamba, 1/30 har zuwa 30/30, daga nan an rufe. Alkawari ne da ba shi da ɗan sanda sai mutuncin mai zane.

Na ƙara layi guda a rasit ɗina game da haƙƙin mallaka. A ƙarƙashin yarjejeniyar Berne ta 1886, wadda yawancin ƙasashen duniya suka shiga, haƙƙin mai zane yana tabbata da zarar ya yi aikin ba tare da rajista ba, kuma yana ɗorewa tsawon rayuwarsa da aƙalla shekara 50 bayan rasuwarsa. Wanda ya sayi zane ya mallaki takardar da fentin da ke kanta, amma izinin buga shi a riga ko a kalanda yana hannun mai zanen sai in an rubuta akasin haka. Masu saye da yawa ba su san wannan ba, kuma gara su karanta a rasit da mu yi jayayya daga baya.

Talata, 6 ga Mayu

Kwafi bakwai sun tafi cikin kwana goma, kuma biyar daga cikinsu na zanen ƙarfe 12 ne, wanda na yi zaton ba mai kula shi saboda ƙanƙantar inuwarsa. Ɗaya ya isa hannun mai shi a lanƙwashe, na aika masa wani, na kuma nemi ya yaga na farkon ya turo mini hoto domin kada lamba ɗaya ta zama biyu a duniya. Yanzu kowane kwafi yana shiga leda, a sa shi tsakanin kwali biyu masu tauri waɗanda layinsu ya gicciye juna.

Wata mai saye ta tambaye ni ko zan yi mata irin zanen ƙarfe 12 amma da kujerar gidanta. Na tura mata takardar sharuɗɗan, na kuma gaya mata sai bayan Yuni.

Talata, 20 ga Mayu

Zane tara sun kammala, saura na ƙarfe 4, 5 da 6 na yamma, kuma da sauran rina a kaba, domin su ne mafiya wuya. Inuwar ƙarfe 6 ta fi takardar tsawo idan na bar kujerar a girman da take a sauran zanen, don haka ko dai in ƙanƙanta kujerar in ɓata daidaiton jerin, ko in bar inuwar ta fice ta gefen takarda. Na yi ƙananan gwaji guda shida jiya, kuma zuciyata ta fi kwanciya da barin ta ta fice.

Na amsa wa ɗakin baje kolin cewa na yarda da la'adarsu a kan ainihin zanen, amma kwafi ni zan ci gaba da sayarwa da kaina, sun kuma nemi a kai musu duka goma sha biyun cikin firam kafin ƙarshen Yuni. Mai firam yana buƙatar mako biyu, ya kuma tabbatar mini cewa kwalin da zai raba zanen da gilashi marar asid ne, saboda kada takardar ta yi rawaya a gefe. Wannan ya bar mini kwana ashirin da 'yan kai don zane uku. Takardar auduga ta rage guda biyar, na miƙe biyu a kan allo yau da rana, gobe da ƙarfe 4 zan fita da alli.